Inna ta ce mu ciro jaririna daga kwalba a yi suna a gida

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 21, daga wani ƙauye a yankin Ringim. Daga barandar asibiti nake rubuto miki. Cikina yana wata bakwai da 'yan kwanaki ruwa ya fara zubo mini kaɗan-kaɗan. Na faɗa wa Inna, mahaifiyar maigidana, ta ce zaƙi ne ke fita, ta jiƙa mini magani. Shi kuma yana Kano wajen nema. Kwana uku ina haka, sai zazzaɓi ya rufe ni, ruwan ya fara wari, mara ta ɗau ciwo. Aka kai ni asibitin kusa da mu, suka tura mu babba, a nan na haifi namiji, kilo ɗaya da rabi. Likita ya ce cikin sati 32 ne.

Yau kwanansa biyar a kwalba, da robar iska a hanci, ana ta yi masa allurai. An ce ƙwayar cuta ta kama shi tun yana ciki. Akwai wani gwajin jini da suke rubuta CRP, na farko 48, na jiya 21. Likita ya ce suna sa ido a kan ƙodarsa don fitsarinsa ya yi kaɗan, kuma za a yi masa hoton kai. Ban gane ba, na kuma ji nauyin tambaya.

Inna ta ce jinin da ake ɗiba ya fi wanda ke jikinsa, ita ta raini bakwaini biyu da auduga da garwashi, a kawo shi gida a yi suna jibi. Maigidana ya sayar da riɗi buhu biyu, kuɗin sun kusa ƙarewa. Jiya ya tambaye ni a ina na samo ciwon sanyin da na shafa wa ɗansa. Tun lokacin ko kunu ya ƙi shiga. Anti, ni na jawo masa? Lambobin nan suna nufin ƙwaƙwalwarsa ta taɓu? In bi Inna ko likita?

Mai jego daga Jigawa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Barka da arziki, barka da sauka lafiya, Allah Ya raya mana shi. Na fara da barka ne don na san a irin wannan haihuwa mutane kan shigo da fuskar jaje su manta mace ta haihu. Kin haihu, kuma ɗanki yana numfashi yau kwana biyar.

Abin da na turo miki a waya daren da saƙonki ya iso shi zan maimaita a nan saboda sauran masu karatu: kada a fitar da yaron nan daga asibiti sai ya gama alluransa, likitocinsa sun sallame shi da bakinsu. Sauran maganganun duk za su iya jira, wannan ba za ta jira ba.

To, mu zo kan lambobin da suka hana ki barci. Kin taɓa ganin gobara a ƙauye, na tabbata. Wuta ta kama jinka ɗaya, maƙwabta su rugo, wannan ya watsa ruwa, wancan ya watsa ƙasa, wasu su yaye danga su ture zana don kada ta tsallaka gidan gaba. Idan ƙura ta lafa aka zo duba ɓarna, sai a tarar wata wutar ce ta yi, wata kuwa masu kashe wutar ne. Haka jiki yake yi idan ƙwayar cuta ta shige shi. Garkuwar jiki tana sakin wasu sinadarai cikin jini masu kiran taimako, su buɗe jijiyoyi, su tara dakarun jini, su ɗaga zafin jiki. Wannan tashin hankali shi likitoci ke kira kumburi, ko da ido bai ga wani wuri ya kumbura ba. A jikin babba yana yin aikinsa ya kwanta. A jikin ɗan tayin da huhunsa da hanjinsa da ƙwaƙwalwarsa ba su gama ginuwa ba, masu kashe wutar kan iya yin ɓarna mai yawa. Tun 1998 likitoci suka ba wannan yanayi suna na musamman, bayan sun auna wani sinadari mai suna IL-6 a jinin 'ya'yan da ke ciki, suka ga waɗanda nasu ya hau sun fi shan wahala bayan haihuwa. Ba kasafai ake wannan gwaji a asibitocinmu ba. Wanda aka fi yi shi ne na ɗanki.

CRP wani sinadari ne da hanta ke fitarwa idan wancan kiran taimako ya iso gare ta. Hantar jaririn ce ke yin nasa, ba daga jininki ya ɗebo ba. Yakan fara hawa bayan awa shida zuwa takwas da soma kumburin, ya kai ƙololuwa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, idan magani ya kama kuma ya rinƙa sauka kusan rabi a kowace rana. Asibitoci da yawa suna ɗaukar abin da ya haura 10 a matsayin ya hau. Ke nan 48 ta nuna lallai akwai wuta, 21 kuma ta nuna tana lafawa. Saukar ita ce labarin, kuma labari ne mai daɗi. Amma ki riƙe wannan da kyau: CRP hayaƙi ne. Hayaƙi yana gaya miki akwai wuta a gida, ba ya gaya miki wane ɗaki ya ƙone, ko ma an yi asarar wani abu. An ga jarirai masu lamba ta fi ta ɗanki nesa ba kusa ba sun tashi garau, an ga masu ƙaramar lamba sun sha wuya. Babu likitan da zai kalli 48 ya ce ƙwaƙwalwa ta taɓu. Shi ya sa suke bin gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, kowace da irin dubawarta.

Ƙoda ba ta gama samar da matatunta sai ciki ya kai wajen sati 36, ɗanki kuwa ya fito a 32. Ga ciwo a jini yana rage jinin da ke isa gare ta, ga ɗaya daga allurai biyun da aka fi fara ba jarirai, jentamaisin, ta ƙoda take fita. Saboda haka idan kin ga nas tana ɗora kunzugunsa a sikeli, fitsarin take aunawa, kuma da shi suke tsara yawan ruwan da za a ƙara masa da tazarar allurar. Sau da yawa fitsarin yana dawowa daidai yayin da ciwon ke sauka. Hoton kai kuma ba ya nufin sun ga wani abu. Irin na'urar da ake duba mai ciki da ita ce, za a ɗora masa a maɗiga, ba yanka ba huda, a duba ko akwai zubar jini ko rauni a cikin ƙwaƙwalwa, domin jijiyoyin wurin a jikin bakwaini sun fi zaren gizo laushi. Akan yi wa bakwaini masu irin nauyinsa ko da ba su da ciwo, wani lokaci a sake bayan 'yan makonni, don wani raunin ba ya bayyana da wuri. Ba zan ɓoye miki ba, ciwon da ya kama yaro tun a ciki yana ƙara haɗarin matsalar huhu mai daɗewa, da ciwon hanji, da raunin ƙwaƙwalwa wanda kan jawo sanƙarewar gaɓoɓi daga baya. Haɗari dai ba hukunci ba ne. Yawancin 'yan sati 32 da suka samu kulawar asibiti suna rayuwa su girma su yi ƙiriniya kamar kowa.

Gobe da safe idan likitoci sun zo zagaye, ki ajiye nauyin nan a gefe. Ɗanki ne, tambaya haƙƙinki ce. Ki ce a faɗa miki da Hausa: an shuka jininsa don a ga ƙwayar da ta kama shi, me ya fito? Kwana nawa suka rage na allura? Fitsarin ya ƙaru? Ana rage iskar? Shukar jinin nan kan ɗauki kwana biyu ko fiye, kuma wani lokaci ba ta nuna komai alhali ciwon yana nan, musamman idan an yi wa uwa allura kafin ta haihu, don haka kada ki ji an ce ba a ga komai ba ki ɗauka an gama. Allurar irin wannan ciwo takan kai kwana bakwai zuwa goma, idan ya taɓa rigar ƙwaƙwalwa kuma sati biyu zuwa uku. Idan likita yana sauri, ki nemi nas mai kula da ɗakin bayan zagaye. Ki rubuta amsoshin a wayarki, don ki samu abin nuna wa maigida.

Sai tambayar da na san ita ta fi ci miki rai. A'a, ba ke kika jawo masa ba. Ƙwayoyin da suka fi haddasa wannan ciwo ba baƙi ba ne, mazauna hanji da gaban mata ne masu lafiya ƙalau, masu tsafta, masu kamun kai. Ɗaya daga cikinsu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 15 cikin ɗari na masu juna biyu a duniya suna ɗauke da ita ba tare da sun sani ba. Su kan hau ta bakin mahaifa su kai ga faya da ruwan da ɗa ke kwance a ciki. Sau da yawa ma su ne ke fara raunana fayar har ta tsage, wato ciwon ya riga zubar ruwan. Gaskiya ne kwana ukun nan sun ba ƙwayoyin hanya, domin da zarar faya ta wuce awa 18 a fashe haɗarin yana ƙaruwa, kuma da an je asibiti a ranar farko da an ba ki maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar da ke gaggauta nunar huhun jariri. Amma ke kin faɗa. Kin gaya wa babbar da ke gidan, aka ce miki zaƙi ne, mijinki ba ya gari, ke kuma yarinya ce mai kunyar ciki a gidan surukai. Wannan kalma ta zaƙi ta daɗe tana cinye mana 'ya'ya. Ruwa ya zubo wa mai ciki kafin lokacinta, sunansa tafiya asibiti a ranar, ko dare ne.

Kalmar ciwon sanyi kuma, mu Hausawa mun zuba cututtuka barkatai a cikinta kamar buhun gauraye, daga ƙaiƙayin da zafi da gumi ke kawowa har wanda ake ɗauka wajen kwanciya. Mai yiwuwa wata ma'aikaciya ce ta yi amfani da ita don sauƙaƙa bayani, shi kuma kunnensa ya ɗauki mafi muni. Maganar da ya faɗa miki ba ta dace ba, ba zan wanke shi ba. Amma ki dubi inda ta fito: mutum ya bar gida lafiya, ya dawo ya tarar da ɗansa na fari a kwalba, riɗin da ya ci buri a kai ya tafi, mahaifiyarsa na ja ta nan, likita na ja ta can. Tsoro ne ya fito da kayan faɗa. Kada ki tsaya kare kanki a baranda, ba za ki ci wannan shari'ar da bakinki ba. Ki roƙi likitan, zai fi kyau namiji, ya zaunar da shi minti biyar ya faɗa masa daga ina ƙwayar take. Abin da ya ƙi ji daga gare ki zai ji daga mai farar riga. Idan kuma gwajinki ya nuna irin ciwon da ma'aurata ke shafa wa juna ne, to magani na ku biyu ne, a lokaci guda, ba a kuma gane wanda ya fara kawo shi ta hanyar zargi.

Inna kuma ki bi ta a hankali, don da ita za ki zauna bayan an manta da asibitin nan. Ba ƙarya take ba, ta raini bakwaini, kuma abin da ta sani gaskiya ne: sanyi na kashe su. Audugar da garwashin duk neman ɗumi ne. Abin da auduga ba ta iya yi shi ne kashe ƙwayar cuta a cikin jini, garwashi kuma a ɗaki rufe hayaƙinsa guba ne ga huhun da ko yanzu sai da taimako yake aiki. Ina kuma jin a ƙasan zuciyarta tana tuna jiƙon da ta ba ki, tana son a dawo inda take da iko don ta gyara. Kada ki taɓa goranta mata. Aiki za ki ba ta. Akwai renon da asibitoci ke koyarwa yanzu, wanda aka faro a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalabe: a kwantar da jariri tsirara, daga shi sai kunzugu da hula, a tsakiyar ƙirjin uwa, fata na taɓa fata, a ɗaure da zane. Goyo ne dai, amma ta gaba. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shi da wuri-wuri, a yi awa takwas zuwa ashirin da huɗu a rana, don yana rage mutuwa da kamuwa da ciwo. Mace ɗaya ba ta iya wannan ita kaɗai, sai da mai karɓarta ta yi wanka ta ci abinci. Ki tambayi nas yaushe za ku fara, ki ce a koya muku ke da Inna tare. Tsohuwar da aka ɗora wa jikanta a ƙirji aka ce ɗuminta ne maganinsa, da wuya ta sake cewa a tafi. Batun jini kuwa, ki nuna mata 'yar kwalbar gwajin da idonta, abin da ake ɗiba bai cika ƙaramin cokalin shayi ba.

Suna ba ya buƙatar jariri a tsakar gida. Liman ya raɗa suna, a yi addu'a, a raba goro da dabino a ƙofar gida ranar bakwai, yaro yana kwance a inda yake. Taron mata a ɗaga sai kun dawo. Ragon ma maigida ya tambayi malamin garinku, zai ji cewa akwai sauƙi ga wanda ba shi da hali a ranar. In da ni ce, kuɗin rago da na shinkafar suna su zan fara juyawa zuwa magani, dangin da za su zo da turmin atamfa kuma a gaya musu ba kunya cewa kuɗin sun fi amfani. Ya kuma nemi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin, ya tambaya ko akwai abin da shirin kula da mata da ƙananan yara kyauta na jiha ya ɗauke. Mai tambaya ba ya ɓata. Idan duk da haka ya dage sai an tafi, kada ki sa hannu a takardar fita da kanki, ki kira mahaifinki ko wani babba da yake jin nauyinsa, a yi maganar a gaban likita.

Ke kuma ki ci abinci, don maganin da ya fi kowanne kare hanjinsa a jikinki yake. Ki rinƙa tatsar nono duk bayan awa biyu zuwa uku, har da dare, ko ɗigo ne ki kai musu su ba shi ta roba ko ɗan kofi. Nonon uwa yana rage haɗarin mummunan ciwon hanjin nan na bakwaini sosai. Ban da shi kada komai ya shiga bakinsa, ko ruwa, ko zuma, ko jiƙo. Rubutu da tofi, Inna ta ba ki ke ki sha, addu'a kuma ta isa gare shi daga inda take. Ki wanke hannu da sabulu duk lokacin da za ki taɓa shi, ki kuma shanye naki magungunan, don ciwon a mahaifarki ya fara. Zazzaɓi ya dawo, ko jinin biƙi ya yi wari, ki faɗa nan take.

Ranar sallama tsugune ba ta ƙare ba. Kafin ku fito ki tambayi ranar da za a duba idonsa, akan yi wajen sati huɗu da haihuwa, domin bakwainin da ya sha iskar oksijin jijiyoyin idonsa kan iya tsirowa ba daidai ba, abin da ake magancewa idan an gani da wuri. Ki tambayi gwajin ji, saboda ciwon da kuma allurar. Idan babu a inda kuke, su rubuta muku takarda zuwa babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ku je ko da kuɗin motar rance ne. A gida, wanzami ya dakata, ba cire beli ba tsaga, ba gasa cibiya, ba kafur a kayansa. Ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi sanyi ko zafi, ko numfashi ya rinƙa sauri ko ɗaukewa, ko ciki ya kumbura, ko ya yi jijjiga, ko idonsa da tafin hannunsa su yi ɗorawa irin ta shawara, ku kama hanya ba sai gari ya waye ba. Ki kuma rinƙa cire masa wata biyun da ya yi gaggawa idan kina lissafin girmansa. Ɗan maƙwabciya ya zauna a wata shida naki bai zauna ba sai a takwas, daidai suke. Abin da za ki kai wa likita shi ne idan kin ga jikinsa ya cika sanƙarewa ko ya cika saki, ko hannu ɗaya kawai yake amfani da shi, don gashin ƙashi da motsa jiki sun fi aiki idan an fara da wuri.

Idan hankali ya kwanta, wata rana da daddare ku yi magana ke da maigida a kan ciki na gaba. Wadda ta taɓa haihuwar bakwaini ta fi kusa da sake yi, saboda haka ki ba jikinki hutu, ki fara awo da wuri, ki gaya musu tarihin nan tun zuwan farko, a rinƙa duba fitsarinki. Ki nemi ya ba ki izini tun yanzu, a gaban Inna, cewa duk ranar da kika ga ruwa ko jini ko zazzaɓi ki tafi asibiti ko yana gari ko ba ya nan, da 'yan kuɗi a ajiye da lambar direba ɗaya a wayarki. Wannan sai nan gaba. Na yanzu, ki sha kunun nan ko da rabin kofi ne, ki je ki tatsa masa na dare, ki rubuto mini abin da hoton kan ya nuna da sunan da aka raɗa masa.